Bishop Ɗina da Jakunkunan Shiling

Kafin in zama mai raka 'yan kasuwa masana'antu a birnin Guangzhou na ƙasar China, malamin tarihi ne ni a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Kano, ina kuma karatun digiri na biyu da yamma. Abin da na zaɓa in yi bincike a kansa shi ne rayuwar wani bishop na Ingila, masanin harsuna, wanda ya yi zamani a ƙarni na goma sha bakwai. Mutane sun sha tambayata me ya haɗa ni da shi, duk malaman da ke kwance a ƙasarmu ba su ishe ni ba? Amsar ba ta da tsawo. Wata rana a laburaren jami'a na ci karo da hoton shafi ɗaya na littafin da ya haɗa, na ga Larabci zaune kusa da Ibrananci da Girkanci da rubutun Habasha, kowanne a gidansa. Na ce sai na san wane Bature ne ya ɗora wa kansa wannan wahala.

Da na bi sawunsa sai na tarar mutum ne mai baƙin jini a wurin mutanensa. Limamin coci ne a London, mai kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin baki, ya kuma takura wa mabiyansa a kan kason da ya ce dole su riƙa ba coci. Da rigima ta ɓarke tsakanin sarki da majalisa, sai mabiyan suka ga dama ta samu. Suka zauna suka rubuta takardar ƙorafi, laifi na ɗaya, laifi na biyu, suka kai gaba. Aka tuɓe shi, aka raba shi da cocin, har ya ɗanɗana kurkuku. Ya gudu garin jami'a inda sarki ya kafa sansani, aka ci su da yaƙi, aka fille wa sarkin kai. Ya dawo London ba muƙami, ya raɓe a gidan surukinsa. A wannan zaman raɓen ne ya tara masana suka buga littafinsu mai tsarki cikin harsuna tara, a jere, don mai karatu ya duba wannan ya duba wancan, kada wani mai fassara ya ci amanarsa a ɓoye.

A daidai nan binciken nawa ya tsaya, don ni ma an rubuta tawa takardar.

Wanda ya rubuta ta malamin lissafi ne, teburinsa na jikin nawa a ɗakin malamai. Shekara huɗu muna cin wake da shinkafa a kwano ɗaya idan an fita tara. Aka ce za a naɗa mataimakin shugaban makaranta, aka ambaci sunana da nasa. Sati bai cika ba kwamitin iyaye ya kira ni. Wai ina ajiye littafin Kirista a durowa, wai ina ba yara labarin bishop maimakon tarihin magabata, wai akwai 'yan mishan da ke ba ni wani abu a ɓoye. Shaidar da aka baje a gabana takarduna ne, fotokwafi da rubutun hannu na shekara biyu, waɗanda shi kaɗai ya san inda nake ajiye su. Yana zaune a wurin, kansa a sunkuye, yana jan carbi kamar an zalunce shi. Aka sallame ni, takardun kuma ba a mayar mini ba. Har na bar unguwar yara na bina da kiran Bishop. Karatun ya mutu a nan, daga baya wani kawuna da ke harkar kaya ya ja ni zuwa China.

Ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba. Na koyi Sinanci a bakin shaguna, na kama ɗaki a unguwar Dengfeng, na san hanyar kowace masana'anta, na yi ƙiba, amma duk ranar da na ga wani yana jan carbi kai a sunkuye sai in ji zuciyata ta tafasa. Bishop ɗin nan kuwa bai bar ni ba. Abin da na fi so a labarinsa shi ne abin da masana ke jin kunyar faɗa. Lokacin da ya buga littafin, mutumin da ya kawar da sarki ne ke mulki, kuma ya yafe masa harajin takarda. Sai bishop ɗin nawa ya gode masa a gabatarwa, godiya mai kyau. Da mulkin ya faɗi, sai ya sa aka cire shafukan godiyar aka canza da wasu. Ɗan sarki ya dawo ya hau gadon ubansa, aka naɗa mutumin nawa bishop, ya shiga garinsa da rakiyar jama'a masu yawa. Masana suna ce wa abin da ya yi fuska biyu. Ni haƙuri nake ce masa, irin na wanda ya san ranarsa na zuwa. Abin da ban taɓa sani ba shi ne ko ya waiwayi waɗanda suka rubuta masa takardar, don ban kai nan ba aka ƙwace takarduna. Na dai san bai fi shekara a kujerar ba ya mutu, sai nake ce wa kaina lokaci ne bai samu ba.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a China ta zo mana da tsanani. Biza ta yi wuya, 'yan sanda suna tsare mutum a bakin gada su ce fasfo, mutanenmu da yawa suka tattara suka tafi. Gidajen abinci da a da sai ka jira kujera suka koma kai da mai dafawa da talabijin. Ni takardun zamana na ofishin kawuna ne, don haka na zauna. Ana saura 'yan kwanaki a buɗe wasannin waya ta shigo mini da lambar otal. Muryar ba ta canza ba ko kaɗan. Malamin lissafin nan ne. Ya ce ya sauka a titin Huanshi Lu, wanda ya saba raka shi an ƙi sabunta masa biza, a kasuwa aka ba shi lambata. Ya ce ya san ba zan bar ɗan'uwa ya ɓata a ƙasar mutane ba.

Ashe ya daɗe da barin koyarwa. Ya buɗe shagon jakunkuna da takalman mata, ya je Makka, ya ajiye gemu, ya yi suna da amana. Da bakinsa ya gaya mini matan Islamiyya da matan malamai ba sa sayen jaka sai a wurinsa, don sun san ba ya rantsuwa kuma ba ya algus. Jarinsa ke nan, in ji shi, suna mai kyau.

Na karɓe shi hannu biyu. Na kai shi wurin wata 'yar Nijar da ke tuƙa tuwo a bene na huɗu a Dengfeng, na saya masa layin waya, na nuna masa inda ake sallar Juma'a, na ce kada ya taɓa fita ba fasfo a aljihu. Ina ce masa Malam, yana ce mini Malam, kamar jiya muka rabu a ɗakin malamai. Kwana uku ina jiran kalma ɗaya. Wallahi da ya ce mini ka yi haƙuri, ko da yana kallon bango ne, da na ji haushin kaina amma da na sake shi. Bai ce ba. Sai labarin shago da na 'ya'ya da na yadda Kano ta cika.

Rana ta huɗu muka ɗauki mota zuwa Shiling, garin da ba a komai sai jaka. Mun fita gari, ya miƙe ƙafa, ya dube ni yana dariya.

"Malam, har yanzu kana nan da bishop ɗin nan naka?"

Na ce yana nan.

"Ka ga ikon Allah," in ji shi. "In ka duba da kyau, ai alheri na yi maka. Da yanzu kana can kana shaƙar alli."

Na yi dariya ni ma, har da tafa masa hannu. A raina kuwa wani abu ya rufe ruf. Sauran tafiyar shi yake magana, ni ina kallon gonakin ayaba ta taga ina roƙon Allah Ya ba ni shi a hannu, ko ta wace hanya.

Masana'antar da muka shiga ta wata mata ce, gajera mai saurin magana, wadda na taɓa kai wa mutane sau biyu. Muka gaisa, na ce mata laoban, wato mai gida, ta zuba mana shayi a ƙananan kofuna. Ya zagaya ya zagaya, ya tsaya a kan wata jaka ruwan ƙasa, mai faɗi, mai zif biyu. Ya ce ga irin wadda matan Islamiyya ke nema, littafi babba zai shiga ba tare da ya lanƙwashe ba. Ya shinshina ta, ya murza ta, ya karce ta da farce. Ya san fata, ba laifi, amma sanin mutumin Kano. A wurinmu in an ce fata, to akuya ce ko tunkiya ko saniya, tambaya ɗaya ce kawai, ta gaske ce ko roba. Ba wanda ya taso yana tambayar majemi wace dabba ce.

Ni ma haka na zo. Wani dattijo ɗan Maraɗi ne ya koya mini a shekarata ta farko, ya buɗe mini cikin takalmi ya ce in duba ƙofofin gashin. In ka gan su uku-uku, a tare kamar duwatsun murhu, to ajiye, alade ne. Masu jaka na son sa fatar alade a ciki saboda laushi da sauƙin kuɗi. Tun daga ranar ban taɓa kai Musulmi sayen jaka ban buɗe cikinta ba. Na karɓi wannan daga hannunsa kamar ina duba ɗinki, na karkata ta wajen haske. Ga su nan uku-uku, tun daga baki har gindi.

Ya ce in tambaye ta ko fata ce ta gaske. Na tambaya. Matar nan ba ta ɓoye komai ba. Ta ce wajen saniya ce, cikin alade ne. Ta dubi hularsa da gemunsa, ta dube ni, ta ce abokinka ba Musulmi ba ne? Ta ce in yana so za ta sa masa yadi a ciki, ba wani abu ba ne. Na ce mata da Sinanci ba matsala, haka yake so. Sannan na juya gare shi.

"Ta ce fata ce, Malam. Ciki da waje."

Ya yi hamdala. Ya sa aka rubuta masa ɗari takwas, kala uku.

Na san abin da na yi, kuma a lokacin na sani. Shekara biyu na yi ina rubutu a kan mutumin da ya jera harsuna gefe da gefe don kada mai fassara ya yi abin da na yi a ɗakin nan. Tunanin ya zo mini tun matar ba ta rufe baki ba, na ture shi gefe na sha shayina. Daɗi nake ji, daɗi mai sanyi irin wanda ban ji ba tun ranar kwamiti. Da muka fito har na saya masa lemo.

Shirina ba mai wuya ba ne. Kwantena za ta yi kusan wata biyu kafin ta kai Kano. Zan bari kaya su sauka, su shiga hannun mata, kowace ta rataya tata ta je makaranta da ita. Sannan in kira wani mutum da na sani a layinsu, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, in ce masa ya buɗe jakar Alhaji ya duba cikinta a rana, ƙofofin nan uku-uku alamar alade ce. Shi ke nan. Ba sai na ƙara ko kalma ta ƙarya ba, abin da shi bai iya yi mini ba. Har na zauna na rubuta abin da zan faɗa a bayan wata takardar kaya, na ɗaya, na biyu, na uku, don in ji yadda ya ji lokacin da yake rubuta tasa. Na hango shi tsaye a ƙofar shago mata na jefo masa jakunkuna, yara na binsa da sunan da za su laƙaba masa. Na san Kano, na san sunan ba zai fita ba har jikokinsa.

Ya yi sati biyu ana ta wasanni a talabijin muna ta yawon kasuwa. Na tsaya a kan kayansa har aka loda, na duba kowane kwali kamar nawa. Ya karɓi jaka shida daga cikin na farko da aka gama ya sa a akwatinsa, wai samfur. A filin jirgi ya riƙe hannuna ya daɗe yana addu'a, ya ce Allah Ya bar zumunci. Na ce amin da ƙarfi.

Abin da na manta shi ne abin da kowane yaro a Kano ya sani. Mutum ba ya dawowa daga garin da ɗan wani ya sauke shi ya wuce gidan uwar ɗan bai shiga ba. Dole ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce na ga wane, yana lafiya, ya yi ƙiba. Kuma ba ya zuwa hannu wofi. Ni da na yi shekaru ina lissafin yadda zan rama, wannan bai faɗo mini ba ko sau ɗaya.

Azumi ya kama, ya yi kwana goma sha ɗaya. Ina zaune a ofishin kawuna bayan la'asar sai wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Inna ce, mahaifiyata, haka take yi in tana so in kira. A can hantsi ne. Na kira, muka gaisa, ta tambayi azumi da zafi. Muryarta cike da fara'a. Ta ce abokina na makaranta ya zo tun kafin a ga wata, ya zauna a tabarma ya ba ta labarin irin hidimar da na yi masa, har ta yi ƙwalla. Ta ce ta daɗe tana roƙon Allah Ya wanke mini zuciya a kan abin da ya wuce, yanzu ta ga an amsa. Ya kuma kawo mata tsaraba, wata jaka ruwan ƙasa mai zif biyu, ya ce ni na taya shi zaɓa. Ta ce kamar an auna da Alƙur'aninta, shi ta sa a ciki, kullum da ita take zuwa tafsiri, matan layi sai tambaya suke.

Na ce, "Inna, jakar tana kusa da ke?"

Ta ce tana kan cinyarta.

Na ce ta ciro Alƙur'anin ta ajiye shi a kan wani abu mai tsarki. Na ji ƙarar zif, na ji motsinta. Sannan ta tambaye ni dalili. Na gaya mata abin da ke cikin jakar. Ta yi salati a hankali. Ta tambaya ko shi mai kawowar ya sani, na ce bai sani ba. Ta ce to Allah Ya isa tsakaninsu da mutanen da suka sayar musu, su da ba su san haram ba.

Hanya ce ta buɗe mini da kanta, in na yi shiru na wuce. Matar Shiling ba za ta taɓa jin an zage ta ba. Amma ina azumi, kuma uwata ce.

"Matar ta faɗa, Inna. Ni ne ban gaya masa ba."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na ji sauƙi. Ta tambaya ko sauran kayan sun iso, na ce suna kan ruwa. Ta ce in kira shi yanzu in gaya masa, in na gama in sake kiranta.

Na kira shi. Na faɗa masa komai ba kwana-kwana, har da cewa na sani tun muna tsaye a gaban matar. Ya yi ta innalillahi, muryarsa ta karye, ya ce ya riga ya ba matar limaminsu ɗaya, ya ba uwargidansa ɗaya. Ya ce me ya yi mini da zafi haka? Na ce ya tuna. Ba zan ɓoye ba, karyewar muryar nan ta yi mini daɗi, ko a lokacin, ko da abin da ke jirana a ɗaya wayar. Daga baya na ji ya bi ya karɓo na hannun mutane a asirce, kwantenar kuma a Legas ya rabu da ita da asara, ba ta taɓa shiga Kano ba. Sunansa na nan yadda yake, har yau ana ce masa mai amana. Haƙuri kuma bai ba ni ba, ni ma ban ba shi ba.

Na sake kiran Inna na ce na yi abin da ta ce. Ta ce to. Na jira ta ƙara wani abu, ina jin kukan akuyar maƙwabta ta cikin wayar. Na ce ta yafe mini, ban yi don ita ba, ban taɓa zaton zai kai gare ta ba. Ta ce ta sani, ai don 'ya'yan wasu da iyayen wasu na yi.

"Kwana goma sha ɗaya," in ji ta. "Ina azumi, ina rungume da ita a ƙirjina, ina sa maka albarka."

Ta ce bari ta je ta wanke hannu, ta kashe wayar.